Saniyar Ummi Mai Ƙafa Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai dillanci inda ba a gayyace shi ba. Ni dillalin shanu ne a karar Wudil, kuma a sana'armu in dabba tana da aibi, sai ka faɗa wa mai saye kafin a sallama. Da wannan na girma, da shi nake taƙama.

'Yata Ummi (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa faɗana ba ya kama ta) tana jami'a a nan garin, amma zane ya shiga ranta. Na sha gaya mata fenti ba ya ciyar da kowa. Ƙarshe muka yi yarjejeniya: ɗalibai za su baje kolin zane-zanensu, in ba wanda ya sayi nata, ta ajiye burushi ke nan.

Ranar na zuba babbar riga na tafi. Ina hango zanenta gabana ya faɗi. Wai saniya ce, shuɗiya, an manna mata ledoji a ciki, ƙafafunta uku. 'Yar dillali guda! Ga wata Hajiya daga Kano, mai sayen zane tana ƙawata otal, ta tsaya tana kallo, Ummi na gefe tana murza yatsu.

Kafin in yi tunani, bakina ya riga ni.

"Hajiya, tsakani da Allah, saniyar nan da aibi. Ƙafa guda babu, launin nan kuma ban taɓa ganinsa a garke ba. Yarinya ce, koyo take. Ko a yi miki ragi, ko ki bari ta ƙara ƙafar."

Da muryar kara na faɗa (wadda ake ji daga bakin gada). Sai dariya ta ɓarke a zauren, har da malamai. A nan na gane cinikin 'yata nake kashewa da bakina.

Hajiya ta ce, "Malam, kai ne wa?"

"Mahaifina ne," in ji Ummi.

"To 'yata, ina ƙafar ta tafi?"

Ummi ta sunkuyar da kai. "Kafin saniya ta bar hannun makiyayi ta isa mahauta, an cinye ƙafa guda a hanya. Mai mota, mai haraji..."

"Da dillali," na ƙarasa mata. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ummi ta ɗago. "Ledar cikin kuwa Baba ne ya nuna mini ina ƙarama, yadda shanu ke haɗiyarta a bola suna ramewa. Shi ya koya mini kallon saniya."

Hajiya ta sayi zanen, ba ta ko nemi ragin ba.

A hanyar gida ina ta jiran fushi. Sai Ummi ta yi dariya ta ce, "Baba, ko don ni ba ka ɓoye aibi ba." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na kusa rufe mata hanya, ita kuma ta rufa mini asiri a gaban jama'a, har yau ina gode wa Allah da ya ba ni ita.

Yanzu aibi a kara kawai nake faɗa. In na shiga wurin zane, hannu a baya, baki a rufe. Washegari da kaina na sayo mata fenti. Shuɗi na zaɓa, tunda na ga shi ke tafiya a kasuwa.