Tsiren Baba Jatau da Kujerun Injiniya

Akwai wani mai tsire a Kurmi, a wani gari da ruwan sama ba ya hutawa, ana kiransa Baba Jatau. Tun yana saurayi ya sauka Sabon garin, ya kafa tukubarsa bakin tasha, har gemu ya yi fari bai matsa ba. Ba shi da yawan magana. In ka ce a ƙara yaji, ya ƙara. In ka ce a ƙara nama, ya dube ka. Abu guda yake taƙama da shi: ba a taɓa cin tsirensa aka ce bai gasu ba. Ko itace ya kwana cikin ruwa, ashana ɗaya yake ƙyastawa wuta ta kama. Sauran masu tsire suna can suna fifita hayaƙi suna hawaye, shi har ya sayar da zubin farko. Wasu suka ce laya ya binne ƙarƙashin tukuba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ba wata laya. Bayan gari akwai wata mai matsar manja, Iya Bose. In ta gama matse kwakwar manja, zaren da ya rage sai ta tara shi bayan rumfa, tsibi guda, da sauran maiƙo a jikinsa. Baba Jatau yakan je da buhu bayan sallar asuba ya ɗiba. Dunƙule ɗaya a gindin itace, shi ke nan. Wanda ya gamu da shi a hanya ya tambaya, sai ya ce abincin akuya ne. Ba shi da akuya.

Ran nan ya je da buhunsa, ya tarar an share wurin tas.

Ya ce, "Iya, ina kaya?"

Ta ce, "Mota ta kwashe, Baba. Ai ɗanku ne, Injiniya Nafi'u. Ya ce daga yau ko tsinke kada in ba kowa, nasa ne duka. Yana biya kuma. Kai me ka taɓa ba ni ban da sannu?"

Ya tsaya ya yi tunani, ya ga gaskiyarta. Ya naɗe buhu ya juyo.

Nafi'un nan ɗan amininsa ne. A gabansa aka haife shi, kuma guntayen naman tukubarsa ya ci ya girma. Ya tafi karatu ya dawo, ya buɗe wata masana'antar roba a hanyar fita gari. Da Baba ya je ya ce masa a rage mini kaɗan, da ya rage. Amma faɗa wa Nafi'u daidai yake da faɗa wa Sabon garin gaba ɗaya, don bakin yaron ba ya rufuwa. Sai Baba ya shiga neman wata dabara.

Ya gwada kananzir. Wani direba ya ci tsinke biyu, ya ce, "Baba, yau fitila ka gasa mana?" Ya gwada kwali, iska ta watsa tokar a kan nama. Ya durƙusa ya hura da baki har gefen gemu ya ƙone. Mai tsiren da ke tsallaken titi ya fara leƙowa yana murmushi, yana gaya wa mutane wai layar ta karye.

Ana haka, wata Alhamis bayan la'asar, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Itacen Baba ya jiƙe sharkaf. Yana tsugune yana fama, hayaƙi ya cika rumfa, sai ga mota ta tsaya. Injiniya Nafi'u ya fito da baƙi uku daga birni, waɗanda suka zo ganin aikinsa, kowa da tumbinsa. Ya sauko da kujerun roba sababbi, masu launin ƙasa-ƙasa, ya jera su cikin rumfar, ya ture tsohon benci gefe.

Ya ce, "Baba, ga tsarabarka. Ka huta da bencin nan mai cizon riga. Ranka ya daɗe Alhaji, wannan shi ne Baban da na ba ku labari. In ba ku ci tsirensa ba, ba ku zo garin nan ba. Baba, a zubo mana na manya."

Baba Jatau ya ce, "To." Ya ci gaba da fifita.

Babban cikin baƙin, wanda ake kira Alhaji, ya dubi kujera ya dubi kansa. Ya ce, "Injiniya, ni fa kujerar roba ta sha kunyata ni a gidan biki."

Nafi'u ya ce, "Zauna, Alhaji. Ka ma yi tsalle in kana so."

Alhaji ya zauna a hankali, yana riƙe da ginshiƙin rumfa. Ya saki. Ya jingina. Ya girgiza hagu da dama. Kujera ba ta ce uffan ba. Sauran suka tafa.

Nan fa bakin Nafi'u ya buɗe. "Kun ga yadda kakanninmu ke zuba yankakkiyar ciyawa cikin ƙasar gini don kada bango ya tsage? Shi ke nan dabarar. Zaren kwakwar manja ne a ciki. Mu wanke shi, mu busar, mu niƙa, mu cuɗa da narkakkiyar roba. Roba ita kaɗai tana tsagewa, amma in da zaren nan a jikinta sai ya riƙe ta. Kuma abin daɗin, shara ce! Zubarwa ake yi. Duk garin nan babu mahalukin da ke da amfani da ita. Ko ba haka ba, Baba?"

Baba Jatau ya yi tari. Hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba, Allah masani.

Nafi'u ya ci gaba, "Yanzu ko dunƙule ɗaya ba na bari. Duk mai matsar manja a yankin nan na bi ta gida."

Baba ya ce, "Na lura."

Hira ta yi tsawo, cikin baƙi ya fara ƙugin yunwa. Tsinkayen suna nan jere kewaye da tukuba, sun sha ƙuli da mai, sun sha hayaƙi, wuta ce dai ba su gani ba. Daga tsallaken titi ƙamshin naman wancan mai tsiren yana shigowa, har ɗaya daga cikin baƙin ya fara waiwaye. Baba ya ga waiwayen. Ya ƙara wa mafici ƙarfi. Wuta ta ɗan lasa, ta koma ta kwanta.

Nafi'u ya ce, "Baba, baƙina fa hanya za su kama."

"Bai yi ba."

"Haba, tsirenka ne fa. Ko a rufe ido aka zara ya yi."

Kafin Baba ya ɗago, yaron ya miƙa hannu ya zare tsinke biyu, abin da ko ubansa bai taɓa yi ba a wannan tukuba. Ya miƙa wa Alhaji ɗaya, ya koma kujerarsa ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya kai nasa baki. Alhaji ya ja nama, nama ya ja Alhaji. Ya tauna, ya tauna, ya nemi inda zai tofar da mutunci. Nafi'u ya dubi jan da ke cikin nasa, kunya ta kama shi gaban baƙi.

Ya ce, "Subhanallahi! Baba, ɗanye ne! Kai da ake labarin wutarka har birni? Ina wutar taka ta shiga yau?"

Baba Jatau ya ajiye mafici, ya share ido da gefen riga.

Ya ce, "Tashi ka miƙo mini ita, ɗan nan. A kanta kake zaune."