Albasar Dakta Nasidi

Dakta Nasidi bai taɓa ƙarasa abin da ya fara ba, kuma a yaba masa, bai taɓa ɓoyewa ba. Ina ma zai ɓoye? Duk wanda ya ratsa unguwarsu a Talata Mafara zai hango matakalar benensa, hawa goma sha bakwai na siminti, ta miƙe sama ta tsaya a iska, babu bene. Shekara tara ke nan, awaki ne ke hawa suna shan hantsi. A tsakar gidansa akwai rijiyar da ba ta kai ruwa ba, kaji na ƙwai a ciki. Ko daktancin ma rabi ne. Ya shiga makarantar koyon aikin asibiti, ya yi zango ɗaya, ya dawo da farar riga. Mutanen gari, da yake masu ladabi ne, Dakta suke ce masa a gaban idonsa. In ya ba da baya sai su koma ga sunan da suka raɗa masa, Fara-ka-bari.

Wannan bawan Allah shi ne ya wayi gari ya gano ciwon da ke damun al'umma, wato rashin juriya. Allah Ya saka masa, bai riƙe maganin shi kaɗai ba. Kowace safiya yana tura saƙon murya ta waya: "Salamu alaikum, zaratan safiya! Wa ya tashi? Wa ke kwance?" Saƙon yakan fita wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Mai kunne yakan jiyo ƙarar gado a ƙarƙashin nasihar.

Ranar kasuwa yakan je Bakura ya hau bayan mota, ya tara manoman da suka fito tun raɓa ba ta bushe ba, ya koya musu sammako. Karatunsa layi ɗaya ne, ya kuma sa an buga masa shi a bayan riga: Yau taku ɗaya, gobe taku ɗaya.

Har yayarsa Hauwa'u bai ƙyale ba. Matar da ta shekara talatin da ɗaya tana suyar waina a bakin tasha, ba ta taɓa fashi ba sai in haihuwa ta kama. Ya zauna a bencinta, ya share waina tara, ya lashe yatsu, ya ce, "Yaya, matsalarki ba ki da littafi. Abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba."

Ta ce, "To, tashi ka ba ni wuri, yunwa kake ji. Wainar da ka ci ba a rubuta ta ba."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Dakta ya tafi yana tausayin jahilcinta.

Ana nan sai babbar dama ta faɗo. A sashensu na gonakin Bakolori, manoma na da ƙungiyar ban-ruwa, kuma makullin ƙofar ruwan yana hannun Baba Hamma shekara ashirin da shida. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke cewa yau ranar wane ce. Gwiwa ta gaza, tsoho ya ce a nemi magaji. Kowa ya dubi Surajo, manomin da ba ya yin magana sai an tambaye shi sau biyu. Kafin a tambaye shi na biyu, Dakta ya miƙe.

"Jama'a, makulli ba na mai ƙarfi ba ne, na mai tsari ne. Ku duba ni nan. Mi ya kawo ni inda nike? Horon kai!"

Jama'a suka duba, ba su ga inda yake ba.

Baba Hamma ya sosa gemu ya ce, "Madalla. Kana da gonar gado, maƙwabciyar ta Surajo. An dasa maka albasa. Ka shayar da ita da hannunka kwana arba'in. In mun zo mun tarar da ita tsaye, makulli naka ne."

Dakta ya yi dariyar manya. Kwana arba'in? Shi da ke koyar da juriyar shekaru?

Rana ta farko ya yi aikin da ba a taɓa gani ba. Ya sayi dogon takalmin roba, da usur, da malafa, da agogo mai ƙara, da littafi mai jan bango. Ya ja layi arba'in a littafin. Ya zauna ya dube su, ya ga cewa jiran gobe ɗabi'ar raggo ce. Sai ya ɗauki biro ya yi maki a layi arba'in ɗin gaba ɗaya. Kafin azahar ya gama ban-ruwan wata guda da kwana goma, ko yawu bai taɓa gona ba. Ya tura hoton littafin ga mabiyansa, ya kwanta ya huta gajiya.

Albasa kuwa ba ta iya karatu ba. Ta fara langaɓewa. Surajo ya duba ya kasa jurewa. In ranarsa ta zo ya gama da nasa fangali, sai ya karkata ragowar ruwan zuwa gonar maƙwabci. Da matarsa ta ce yana yi wa kansa zagon ƙasa, cewa ya yi albasar ba ta yi masa laifin komai ba.

Haka aka ci kwana talatin da bakwai. Dakta ya zagaya Damri da Birnin Tudu yana wa'azin naci. Takalmin roba na rataye a ƙusa, gizo-gizo ya tare a na hagu.

Ran nan Hauwa'u ta ce masa, "Kai, Nasidi, ka ma san hanyar gonar nan?"

Maganar ta sosa shi. Ya kakkaɓe takalmi, ya hau ɗan acaɓa, ya tambayi hanya sau biyu, ya isa. Me zai gani? Albasa kore shar, tsaye kamar sojoji. Dakta ya buɗe littafi, ya dubi gona, ya sake duban littafi, ƙwalla ta cika masa ido. Ashe ilimin nasa har tsiro na ji!

Da ya juya ya koma gida a nan, da makulli ya zama nasa. Saura kwana uku kacal, albasa lafiya lau. Amma babban mutum ba ya ganin aiki ya ƙi sa albarka. Ya ce a ransa, in maki kaɗai ya yi wannan, ina ga an haɗa da ruwa? Ya ari fartanya, ya fasa toshiyar lakar da ke tsakanin gonarsa da hanyar ruwa. Ya busa usur. Ya ɗauki kansa a waya yana cewa, "Kun gani? Mai juriya ba ya aike!" Sai agogo ya yi ƙara, ya tuna ana jiransa a Maradun, inda zai gabatar da lacca ta kwana biyu mai taken Muhimmancin Ƙarasa Aiki.

Ya buɗe ruwa. Rufewa kuwa ƙarasawa ce, ba fanninsa ba ne.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gonar a kwari take. Sai da Surajo ya zo ranarsa, ya ga ruwa ba ya isowa, ya bi sawu ya toshe ɓarakar. A lokacin bakin alƙalami ya bushe, shi kaɗai ne ma abin da ya bushe a wurin.

Ranar arba'in da hantsi, Baba Hamma ya zo dogare da sanda, makulli na rataye a wuyansa, manoma na biye. Hauwa'u ma ta rufe tanda ta zo, fashinta na farko ba tare da jego ba. Ta ce wannan kallon ya fi ciniki. Suka tarar da tafki. Agwagin wani gida na iyo a kai, kwaɗi na rera waƙa, ganyen albasa na yawo a saman ruwa kamar an yanka a miya.

Da wani ne, da ya ji kunya. Dakta gyara malafa ya yi.

"Jama'a, ido ke ruɗinku. Albasata tana ƙasa, tana koyon juriya. Duk abin da bai sha wuya ba, ba ya ƙwari. Bari in ciro muku guda."

Ya taka cikin ruwa. Taku ɗaya, taku biyu, a na biyar laka ta karɓi baƙo. Ta haɗiye takalmi, ta haɗiye gwiwa, ta tsaya a cinya tana shawara. Dakta bai fasa jawabi ba. Ya laluba ƙasa ya ɗago wani abu mai yauƙi wanda a da albasa ce. Wari ya bugi na gaba, suka ja da baya. Wata agwagwa ta zo ta duba littafin mai jan bango da ya faɗa ruwa, ta ga babu abin ci, ta wuce.

Baba Hamma ya gyara tsayuwa. Ya cire makulli daga wuyansa ya rataya wa Surajo.

Surajo, da yake har yanzu tausayi bai bar shi ba, ya shimfiɗa katako, ya kama Dakta ta hammata, shi da wasu mutum biyu. Suka ja, suka ja, ƙafar dama ta fito fit, babu takalmi. Suka ɗora ta a kan katako, suka sunkuya za su kama ta hagu.

Hauwa'u ta ce, "A'a, Surajo, dakata. Ba ka karanta bayan rigarsa ba? Yau taku ɗaya, gobe taku ɗaya. Kada ku ɓata wa malam karatu."

Surajo ya leƙa bayan rigar, ya ga haka ne. Bai saba jayayya da masu ilimi ba. Ya wanke hannu, ya ce yau ranar wani manomi ce, Fa'izu, bari ya je ya buɗe masa ruwa. Jama'a suka bi sabon mai makulli.

Dakta Nasidi na tsaye, ƙafa ɗaya a kan katako, ɗaya a lahira, usur na lilo a ƙirji. Ya busa, babu wanda ya waiga. Sai ya ɗaga murya, wannan karon ba irin ta lacca ba:

"Yaya! Surajo! Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Ku dawo ku ƙarasa abin da kunka fara!"