Kazar Darakta a Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci kazar Darakta a Jiratawa ba, kuma ko na so in manta, dangina ba za su bari ba.

A lokacin na gama jami'a, ga digirin lisansi a hannu, na zagaye ofisoshin Maraɗi da dosiyen takarduna har takalmina ya buɗe baki. Ko'ina amsa ɗaya ce, sai mai gogewar aiki. (Inda mutum zai samo gogewar in ba a ɗauke shi ba, wannan ba wanda ya taɓa gaya min.) Daga ƙarshe wata ƙungiya mai taimakon manoman rani a unguwar Zariya ta karɓe ni sitaj, wato aikin koyo ba albashi. Shef ɗinmu, shugaban ofishin, ya ce in na nuna himma, akwai gurbin ma'aikacin karkara da za a buɗe, ni zai fara tunawa. A kan wannan magana na cinye damina na shiga rani. Ni ne dafa shayi, ni ne fotokofi, ni ne ɗauko yaran Shef daga lakwal, wato makaranta, kuɗin kabu-kabu daga Sabon Gari kuma tsohuwata ke ba ni. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum ya karanta harkar noma, amma abin da ya ƙware a kai shi ne tada kumfar shayi.

A gida kuwa, sau ɗaya aka gan ni cikin farar motar ƙungiya, labari ya tafi garinmu Tibiri cewa na samu aikin foroje, wato aikin ƙungiyar agaji mai albashi da tsoka. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. (Gyaran murya kawai nake yi in ce "sai dai addu'a".) Kafin labarin ya kai wurin Gwaggo Tsahara, yayar babana da ke aure a Jiratawa, na zama ni ne mai forojen gaba ɗaya.

Sai aka sa ranar buɗe wata rijiyar ban ruwa a can, Daraktan ƙungiyar da kansa zai zo daga Yamai. Shef ya ja ni gefe ya ce ranar tawa ce, in fito fes, zai gabatar da ni. Na ari babbar riga ta shadda wurin wani abokina sabon ango, har da hula da turare. Da safe aka ce in bi motar farko in kai kujerun roba, su Shef da Darakta za su biyo baya. Na zauna gaba kusa da direba, don ba a hawa bayan mota da shaddar aro.

Muna isa ganga ta tashi. Mutane sun daɗe a rana suna jiran farar mota, ga farar mota, ga mutum ya fito daga gaba yana gyara hannun riga. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ratso taro ta rangaɗa guɗa.

"Ga shi nan, ɗan ƙanena ne, ni na goya shi! Ku ba shi wuri ya zamna."

A nan ya kamata in ce ni kujeru na kawo. Na so in faɗa, wallahi na so. Amma maroƙi ya riga ya kama sunan kakana, dattawa suna miƙo hannu bibbiyu, ni kuwa wata da watanni ba wanda ya kira ni da wani suna sai "kai, sitajiya", wato ɗan sitaj. Aka kai ni kan kujerar kushin ɗaya tilo, wadda aka aro daga gidan mai gari aka shimfiɗa mata darduma. Na ce a raina bari in ɗan taɓa zama kafin su iso.

Aka kawo ruwan baƙo na sha. Aka kawo fura na sha. Sai ga kwano an rufe da faifai, soyayyiyar kaza a kan dambun zogale, wadda matan manoman suka tanadar wa babban baƙo. Kowa ya san ba a mayar da kwanon baƙo a rufe, raini ne. Don haka, saboda girmama al'ada kawai, na ciro cinya.

Cinya ta biyu ce a bakina lokacin da ganga ta yi tsit. Wani ɗan siririn mutum cikin rigar shan iska da hular rana ya tsaya a kaina, Shef na bayansa ya zaro ido. Kujerun kuwa suna nan ɗaure a bayan mota yadda na zo da su.

Darakta ya dube ni, ya dubi ƙashin da ke kan faifai, ya tambayi Shef ko ni ne wakilin hukuma.

"Sitajiya ne, ranka ya daɗe," in ji Shef, da ƙarfin da har makaɗa suka ji. "Ba ma'aikacinmu ba ne, ko biyan shi ba mu yi. Kai, tashi ka sauke kujeru."

Haka na naɗe shaddar mutane a kafaɗa, da maiƙo a baki, ina jera kujeru a gaban dattawan da suka gama rusuna min. Maroƙi ya koma kan Darakta da kirarin da ya yi min, sunan kaka kawai ya canza. Darakta ya ci fiffike da wuya.

Gurbin aikin, ɗan ƴar'uwar Shef aka ba, wanda bai taɓa wanke kofin shayi ko ɗaya a ofishin ba. Na tabbata ko da haƙorana na sauke kujerun nan shi za a ba, amma kaza ta ba su hujja, kuma wannan ne ke ƙona min rai. Ni aka sallame ni da takardar shaidar sitaj.

Gwaggo nake jin tsoron haɗa ido da ita. Da taro ya watse ta same ni bayan mota ina ɗaure kujeru. Na zaci faɗan ƙarya za ta yi min, ashe ba wannan ya dame ta ba.

"Yo kai ɗan nan, duk watannin ga kyauta kake yi musu bauta? Ko jakin gidanmu in ya kai taki gona ana zuba mishi dusa. Gara da ka ci. Da na sani da na ce ka cinye ta duka."

Darasin da na ɗauka daga sitaj ke nan. In an aike ka da kujeru, ka sauke su kafin ka zauna. In kuma ka riga ka zauna, to ka yi sauri da kazar, don ita ce kaɗai albashin da za ka gani.