Rasuwar Duniyar Malam Halliru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da miƙa wuya ga hukuncin Mai kowa mai komai, ni Halliru, malamin labarin ƙasa a wata firamare da ke Sabon Garin Wudil, a madadin iyalina da ɗan abin da ya rage na masoyana, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, ƙwallon taswirar nan mai juyawa wadda garin nan ya sani da sunan Duniyar Malam. Ta rasu ranar Juma'ar jajibirin Babbar Sallar bana, 1975, a kan hanyar kara, wato kasuwar shanu, bayan doguwar jinya da gajeren wulaƙanci.

An ƙera marigayiyar da kwano a ƙasar Ingila, ta zo Kano a hannun wani Bature da ya koyar da mu a makarantar horon malamai. Da zai koma gida gab da samun 'yancin kai, sai ya ce zai bar ta ga wanda ya fi kowa a jarrabawar labarin ƙasa. Ni na zo na ɗaya. Ɗan garinmu na Utai, Dattijo, wanda muka tashi tare muka zauna benci ɗaya, shi ya zo na biyu. Na ambaci wannan ne don tarihi kawai, tunda na lura mutane sun fara mantawa.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici. Ta goya Amurka da Rasha a kan sanda ɗaya shekara da shekaru, ba a taɓa jin sun yi faɗa a jikinta ba. Ta zo mini rabin Afirka ja wur da launin mulkin Ingila, duk ƙasar da ta sami 'yanci sai in yanko takarda in rubuta sabon suna in liƙa mata da ƙaro, har ta koma kamar rigar da ta sha faci, ba ta taɓa ƙorafi ba. Maganarta kaɗan ce. In aka juya ta gabas sai ta ce ƙiii, ƙiii, in aka dafa ta ta tsaya sai ta ce ƙwas. Wanda ya san ta ya san wannan ƙwas ɗin ya fi wani dogon jawabi ma'ana.

Da safe tana aji tare da yara. Da la'asar kuma sai in ɗora ta a bayan keke mu tafi teburin Ya'u mai shayi kusa da tasha, inda masunta da dillalan shanu da ma'aikatan En'e ke taruwa a ji yadda duniya ta kwana. Rediyon Ya'u ya faɗi abin da ya faru, ni da marigayiya mu faɗi dalili. Hanyarmu ba ta da wuya. Ƙasa ba ta da masoyi, sai dai maƙwabci da bukata. Kafin ka ce wata ƙasa za ta yi kaza, duba wa ke gefenta, wa ya fi ta ƙarfi, wa ke zaune a saman ruwan da take sha. Masunta ba sa bukatar a maimaita musu wannan na ƙarshe, don tun da aka datse ruwa a Tiga suka san cewa na sama shi ke da magana. Manyan ƙasashe biyu kuwa nakan ce bijimai ne a turke ɗaya. Muddin ƙahonsu ya zo daidai, ba wanda zai fara kai suka, sai dai ƙananan dabbobin da ke tsakani su sha taku.

Da wannan hanya muka yi suna. Shekarar da Larabawa suka gwabza da Isra'ila, na ɗora babban yatsana a kan wata 'yar siririyar mashigar teku da jiragen mai ke bi, na ce wa jama'a man fetur zai yi tsada, kuma ƙasarmu za ta ga kuɗin da ba ta taɓa gani ba. Ba a jima ba rediyo ya tabbatar. Ranar nan Ya'u ya ƙi karɓar ko kwabo a hannuna, wani dillali ya cire hularsa ya kifa wa marigayiya a ka. Ta ce ƙwas. Mun ga zamani.

Jinyarta ta fara da tsatsa a tekun Fasifik, sannan sandarta ta soma gurgunta, har sai an tallafe ta kafin ta yi zagaye ɗaya. Wannan duk tsufa ne, da man keken ɗinkin matata Safara'u muke lallaɓawa. Ciwon da ya kai ta ƙasa a cikin mota ya zo, farar Fijo mai lambar Legas.

Dattijo ne. Bayan mun gama makaranta shi aka tura karatu ƙasar waje, ni kuma na koma jinyar mahaifina. Yanzu yana ma'aikatar harkokin waje a Legas. Ba na yi masa hassada, Allah ya sani, arziki rabo ne. Abin da kawai na lura shi ne, ranar da ya zo hutu ya zauna a teburin, Ya'u ya goge masa benci da gefen rigarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, da madara ko baƙi?" Ni shekarun da na yi ina zama a wurin ban wuce "Malam, ga naka" ba.

Lokacin ana ta maganar Angola. Turawan Fotugal suna tattara kayansu, ƙungiyoyi uku na 'yan ƙasar suna yaƙi kan wanda zai hau mulki, manyan ƙasashe kowa ya kama tasa. Jama'a suka tambaye ni ina Nijeriya za ta faɗa. Na juya marigayiya, na nuna musu nisan da ke tsakani. Na ce ba mu haɗa iyaka ba, ba mu haɗa kogi ba, kuma Amurka ce babbar mai sayen manmu. Ba za mu ɓata da mai ciniki saboda rigimar nesa ba. Za mu tsaya a tsakiya mu ce a yi sulhu.

Dattijo ya ajiye kofinsa ya yi murmushi irin na wanda ya hau jirgin sama.

"Halliru, taswira ba ta yanke shawara," in ji shi. "Ƙasa ba ta tunani, mutane ne ke yi, a cikin ɗaki, wani ya yi barci wani bai yi ba. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, ban ga wata takarda ba. Amma ka tambayi su wa ke zaune a ɗakin, shekarunsu nawa, me ke ƙona musu rai, wace ma'aikata ke son ta nuna ta fi 'yar'uwarta. Sojojin masu wariyar launin fata na Afirka ta Kudu sun shiga Angola. Matasan da ke riƙe da ƙasar nan yanzu ba za su haɗiye wannan ba, ga kuma kuɗin mai ya ba su bakin magana. Za su zaɓi ɓangare, ko wa zai yi fushi."

Na ce masa wannan ba ilimi ba ne, gulma ce aka sa wa kwat. In sai ka san wanda ya yi barci kafin ka san abin da ƙasa za ta yi, to masu gadi sun fi mu sani. Jama'a suka yi dariya, har shi. Na koma gida ina jin na gama da shi.

Bai daɗe da komawa Legas ba rediyo ya sanar cewa Nijeriya ta goyi bayan ƙungiyar da Rasha da Kyuba ke mara wa baya. Ina zaune aka faɗa. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi a dube ni ciwo. Na yi ƙoƙarin nuna musu cewa in aka duba da kyau, Afirka ta Kudu ma ai maganar maƙwabtaka ce, hanyata ba ta faɗi ba, lissafi ne ya ɗan goce. Na juya marigayiya don in nuna, sai ta ce ƙiii ta maƙale a kan Brazil. Wani masunci ya ce, "Malam, bar ta ta huta. Yaushe Alhaji Dattijo zai dawo?" Bai taɓa zuwa Makka ba, amma har an naɗa masa Alhaji.

Ya dawo don Salla, kuma bai zo hannu rabbana ba. Ranar Juma'ar nan da la'asar ya buɗe bayan Fijo ya fito da wata sabuwar ƙwallon taswira ta roba, ta ninka marigayiya girma, tana sheƙi, wai har da ƙwan lantarki a cikinta. Ya ce ya ga tawa ta gaji, shi ya sa ya sayo wa majalisa da makaranta. Mutane suka yi caa a kanta, kowa yana shafawa. Ya'u ya ture marigayiya zuwa ƙarshen tebur, kusa da bokitin wanke kofi, don a samu wuri. Ina so jama'a su sani cewa teburin Ya'u ba shi da lantarki, saboda haka ƙwan nan ado ne kawai. Kuma na duba da idona, har yanzu Dahomey aka rubuta a jikinta, alhali ƙasar ta koma Benin tun ƙarshen watan jiya, ni kuwa na riga na liƙa wa tawa. Na faɗi haka da ƙarfi. Ba wanda ya ji, ana kallon yadda sabuwar ke juyawa ba ƙara.

Ban yi sallama ba. Na ɗauki marigayiya na ɗaure ta a bayan keke, na kama hanya. Ranar kasuwa ce, kuma kasuwar jajibiri, titi ya cika da raguna da shanun da ake kaɗawa daga kara. Wata tirela mai ɗauke da siminti ta danna hon, garke ya watse, na kauce, ƙafar keke ta faɗa rami. Igiya ta kwance. Ina gani ta faɗo, ta gangara tsakiyar titi tana juyawa yadda ta daɗe ba ta juya ba, har ta shige ƙarƙashin wani farin bijimi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙwaras. Ta rabe biyu daidai kan ɗinkin tsakiyarta. Rabin arewa ya lotse a wurin, rabin kudu ya mirgina ya faɗa kwata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Adalci ya sa in faɗi abin da ya biyo baya, ko da ba na so. Ashe Dattijo ya biyo ni a ƙafa. Ina tsaye na kasa motsi, sai na ga ya naɗe farar babbar rigarsa ta shadda ya shiga kwatar nan har idon sawu, ya ciro rabin kudu, ya goge da hannun riga.

"A kanta ka fara nuna mini inda Landan take," in ji shi. "Na yi shekara ina jin haushin kai aka ba. Wallahi ban kawo waccan don in kunyata ka ba."

Na karɓa na ce na gode. Ko a nan ma sai da ya fi ni, don mutanen kasuwa shi suka yi ta yaba wa, wai babban mutum mai sauƙin kai. Ni da aka yi wa mutuwa ba wanda ya ce mini sannu.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Safara'u wadda ta yi ta jinyarta, da sandarta da gindinta na katako waɗanda ba su ji ko ƙwarzane ba, da tsohon rediyon Ya'u wanda suka yi aiki tare, da ɗaruruwan yara a Wudil da Lajawa da Utai waɗanda a jikinta suka fara yarda cewa ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma. Ba ta bar magaji ba. Duk wadda ke da'awar gado, da'awa ce kawai.

Liman ya ja mini kunne cewa ba a yi wa kwano salla, kuma na ji. Saboda haka za a haɗa ɓarin biyu a naɗe a sabon ƙyalle, a binne a bayan gidana gindin bishiyar darbejiya ranar Laraba bayan azahar. Safara'u ta roƙi a bar mata rabin arewa ta riƙa ba kaji ruwa, na hana. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida har kwana uku. Mutanen teburin Ya'u suna iya zuwa, akwai tabarma a can baya.

Game da sabuwar kuwa, ba na son ganinta a wurin zaman makoki. Amma in an koma makaranta bayan hutu akwai yara cike da aji da ban gama musu nahiyar Asiya ba, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai Dattijo ya kai ta da kansa ya damƙa wa hedimasta, kada ta bi ta hannuna. Zan koyar da ita. Goge mata ƙura dai sai a nemi wani.