Yadda Za Ka Haɗa Kwamfutar Ramuwa a Kan Yayanka

Idan kana da yayan da ya shekara biyar yana miƙa maka hannun gem ɗin da ba a jona ba, kai kuwa kana ta dannawa har da cije leɓe, wannan darasin naka ne. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka lallasa shi a gaban matarsa.

1. Tono tsohon wasan

Na'urar gem ɗinku ta yarinta ta daɗe da mutuwa, Mama ma da ita take tokare ƙofar kicin. Kada ka damu. Akwai manhajar da ake kira emuleta, mai sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'ura. Wasan ƙwallon nan dai za ka nemo, wanda 'yan wasansa ke da kai kamar bulo. A filin da aka wulaƙanta ka, a nan ake ramawa.

2. Furosesa ce gaba

Mai shago zai ɗauko katin hoto mai fanka uku da fitilu, ya ce, "Yallaɓai, wannan ko jirgi zai tuƙa." Ka ce masa ba jirgi ya kawo ka ba. Kwaikwayon na'ura aikin furosesa ne, ita ce ƙwaƙwalwar. Idan ta yi rauni, ɗan wasanka zai buga ƙwallo yau ta isa raga jibi. Bayan ka gama yi masa wannan bayanin, sayi katin. Ni ma na saya, fitilun suna da kyau.

3. Ram da fanka

Ram ita ce faɗin teburin da kwamfuta ke baza aikinta, ka sayi mai yalwa. Fankar sanyaya kwamfutar kuwa, zaɓi 'yar ƙarama. Mai hankali ba ya shiga gasa sai ya tanadi abin da zai ɗora wa laifi.

4. Madam

Za ta tsaya a falo ta ce, "Wannan akwatin mai walƙiya fa?" Ka ce na aiki ne. Idan ta tambayi wane aiki, ka yi tari.

5. Hannun gem

Guda biyu, marasa waya. Kowa ya zo cire waya ya laluba ya ji wayam.

6. Gayyato shi

Bayan mako uku kana atisaye har babban yatsanka ya yi kanta, kira shi. Zai zo da tumbinsa da tabarau, ya juya hannun ya ce, "Wanne ma ake dannawa?" Kada ka yarda, makirci ne. Ni nawa yayan ƙwallo bakwai ya zura mini, ɗaya ma yana amsa waya. Na ce fanka ce ta yi zafi. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dafa kafaɗata.

"Auta, da na jona maka sai ka sha kashi ka yi ta kuka. Shi ya sa nake cirewa, in na ci in ce kai ne ka ci."

Na tuna yadda nake zagaye tsakar gida da ihu, yana tafa mini. Wallahi sai ga ni ina goge ido. Madam da matarsa suna kallo, na ce ƙurar fanka ce ta shiga idona.

A kula: Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk kashin da ka sha, ko tambayoyin Madam, ko ƙurar da ta shiga idonka. Mai ƙorafi ya same ni ranar Asabar. Yaya zai dawo, kuma na roƙe shi ya cire mini batirin hannun gem.