Jan Ruwa a Keken Hajiya Batulu

"Gajiya ta bi lafiya. Kai kuma miji marar cefane, me ya kawo ka Kwarbai da hantsin nan?"

Hajiya Batulu ce ke amsa gaisuwar jikanta Muntasir, wanda ya gama bautar ƙasa yana zaman jiran aiki. Daga Tudun Jukun ya taso, da sukudireba a aljihu. Ko tabarmar da ta shimfiɗa masa bai kalla ba, idonsa na kan tsohon keken ɗinkinta, wanda da shi ta rufa wa 'ya'yanta asiri bayan rasuwar kakansa.

"Yau ba hira na zo ba, amarya mai haƙori uku. Arziki na zo tonowa."

Ya ce ya shiga wani zaure na masu neman ɓoyayyar dukiya a intanet. A can ya ji cewa Turawan da sun ɓoye wani jan ruwa a cikin irin waɗannan kekuna, kuma ɗigo ɗaya ya isa sayen gida. Gwajin ba wuya: a kara waya kusa da allura, in sabis ya ɗauke, to akwai shi.

"Shi intanet ɗin ɗan wace unguwa ne? Ya taɓa shigowa ɗakina?"

"Ya san abin da ke ƙarƙashin gadonki ma."

Ya kara wayar. Sabis ya ɗauke ɗif.

Hajiya ta gyara zama. Ba ta fahimci yadda ruwa zai zauna cikin ƙarfe shekara da shekaru bai tsiyaye mata a zani ba, amma sai ta tsinci kanta tana duban rufin soron, inda ya tsage tun bara, ga damina ta ƙarato. Ta sassauta murya ta tambaye shi ko keken zai ci gaba da ɗinki in an cire abin. Ya ce amsar tana ƙarshen wani bidiyo da aka sa a zauren, bidiyon kuma ba zai buɗe ba tunda babu sabis.

Ya fita ƙofar gida ya daɗe, ya dawo yana sosa ƙeya. A zauren na intanet, wani ya ce ba allura ake gwadawa ba, ƙafar keken ce. Wani ya ce duk ƙarya ce ta 'yan damfara. Wani kuma ya ce masu cewa ƙarya ce su ne dillalan, so suke su karya farashi.

Hajiya ta karɓi wayar da kanta. Ta kara a randa, babu sabis. Ta kara a buta, babu. Ta ɗora a tsakar kanta, ta ce ya duba.

"Babu," in ji shi.

"To ko ni ma Turawan sun zuba mini?"

"Ke ai kin girme keken. Naki ya ƙafe tun kafin a haifi Baba."

"Naka da bai ƙafe ba me ya saya maka? Ko akuya ba ka ajiye ba."

Suka yanke shawarar a gwada a fili. Muntasir ya rungumi keken yana nishi har tsakar gida, tana binsa tana cewa in ya yar da shi ta sake shi saki uku, tunda ita ke ciyar da shi. Ya kara wayar a allura. Sabis ya cika taf.

Ya duba wayar, ya duba keken. Ya ƙara karantawa, can ya ce ga wani ya rubuta cewa in sabis ya ƙaru, wannan shi ne ainihin mai tsadar.

"In ya ɗauke akwai, in ya ƙaru akwai. To wanda babu, yaya yake yi?"

Ya zaro sukudireba ya ce sai dai a buɗe a gani. Hajiya ta dafa kan keken, wasan ya bar fuskarta.

"Garba da ke gyara mini keken ya rasu. In ka warware ka tarar babu komai, wa zai mayar?"

Ya sauke sukudireban. Ita kanta ba ta san me take so ya ce ba, don har lokacin rabin zuciyarta na kan jan ruwan. Ya tsuguna don ya leƙa ƙarƙashin keken kawai, sai ji suka yi ɓarr: wandonsa ya yage daga baya har cinya. Ya miƙe zumbur ya manna bayansa da bango.

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ya tambayi intanet yadda zai koma Tudun Jukun a haka.

"Na sallama, tsohuwa. Ki rufa mini asiri."

Ta jefa masa zaninta na atamfa, ta karɓe sukudireban ta cusa a haɓar zani, ta ja kujera gaban keken.

"Ɗaura ka miƙo wandon. Ka zo ka zura mini zare, idona ba ya ganin kafar allura. Amma ka ajiye wayar can nesa, kada ta shanye mini jan ruwana."