Kofi a Sama, Gada a Cikin Rafi

Jama'a, ku yi mini uzuri in kun ga rubutun wannan makon ya zo a karkace, da hannun hagu nake buga shi. Na dama ya ƙi ɗaguwa tun jiya. Shekara arba'in da ɗaya ina yankan inabi da hannun nan bai taɓa yi mini gardama ba, sai jiya da na je liyafar Kirsimeti ta hukumar garinmu, na riƙe kofin giya a sama har minti ashirin da uku. Glenys, matata, ita ta duba agogo. Tana shafa mini man zafi a kafaɗa tana mita: "Maganinka ke nan, Clarrie. Wa ya aike ka? Kai da ko zaɓe sai don tsoron tarar da ake cin wanda bai je ba kake zuwa."

Noelene ce ta aike ni, maƙwabciyata ta hayin rafi. Shekararta saba'in da biyu, mijinta ya rasu, ita kaɗai take fama da gonar inabin da mahaifinta ya dasa. Shekara biyu ke nan da ambaliya ta kwashe gadar da ke haɗa gonarta da titi. Ƙaramar mota kan lallaɓa ta ratsa rafin in ya ƙafe, amma babbar motar kamfanin da ke sayen inabinta ba ta iyawa. Bara da taraktoci muka yi ta jigila a rana, rabin kayan ya tsattsame kafin ya isa. Bana kamfanin ya faɗa mata ba kwana-kwana: in babu gada kafin girbin Fabrairu, ciniki ya ƙare. Kuma a wannan zamanin da giya ta yi kwantai, wanda kamfani ya saki ba mai ɗaukarsa.

Ta rubuta wa hukuma wasiƙa ta fi a ƙirga. An kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, shi kuma ƙaramin ya tafi ziyarar gani da ido wani gari mai bakin teku, ya ga yadda gadojinsu suke. Madalla da wannan himma. Sai ga shi makon jiya an aiko mata da kati mai ruwan zinariya, wai ita ce Manomiyar Shekara, kuma Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle, wato shugaban hukumar, uban garinmu mai farin haƙori, shi zai ɗaga kofi don karrama ta.

Tare da katin kowa ya samu ɗan littafi mai shafi goma sha biyu, takarda mai sheƙi, kan ladubban ɗaga kofi a lokacin biki. Ba a tsaya nan ba, sai da aka ɗauko wata ƙwararriya takanas daga Adelaide, babban birnin jiharmu, ta koya mana a aikace. Mu fa! Mutanen da aka yaye mu a gindin kurangar inabi, yau mu ake koya wa riƙon kofi, kamar a tara agwagi a koya musu iyo. Wai a siririyar ƙafarsa ake riƙe shi, ba a cikinsa ba, kada ɗumin hannu ya taɓa giyar. Wai ka kalli ƙwayar idon wanda kuke karawa da shi. Kada ka kara bakin kofi da bakin kofi, kada ka cika shi fal, kada ka ɗaga shi da ruwan sha a ciki. Sannan babbar doka, a shafi na bakwai: da zarar an ɗaga, ba mai kurɓa, ba mai saukewa, sai mai magana ya rufe da "A sha lafiya."

Na ce wa Noelene, "Ke ma za ki je wannan shirmen? In ba ƙira, me ya ci gawayi? Kuɗin littafin nan da na matar can ai da sun kafa ƙafa ɗaya ta gada."

Ta ce, "Zan je, kai ma za ka je. Ka goge takalminka, ka daina surutu."

Ƙarfe uku na rana aka tara mu a filin ciyawar gaban zauren gari, zafi ya haura digiri arba'in, don mu nan a tsakiyar bazara Kirsimeti yake faɗowa. Rumfa ɗaya ce, ta manya. Mu talakawa muna rana da farantanmu da kowa ya kawo daga gida, kirim ɗin kek yana narkewa, ƙudaje suna ta tasu liyafar a kan tsiran nama. Da aka fara zuba giya na leƙa kwalbar, sai na ga daga Faransa ta zo. A garin da in ka yi tuntuɓe kan kurangar inabi za ka faɗi, a shekarar da manoma ke tumɓuke gonaki don rashin mai saye, an rasa abin ba mu sai giyar da ta ƙetaro teku. Na tambayi ƙwararriyar dalili, ta yi mini murmushin da ake wa mai taɓin hankali, ta ce, "Biki na musamman, yallaɓai, sai abin sha na musamman. Ka ɗan sauko da yatsunka ƙasa."

Mai Girma ya miƙe, ya buga cokali a jikin kofi, ya yi jawabi. Ya ce Noelene ginshiƙi ce, madubi ce, uwar gari ce. Ya ce bai taɓa ganin mai haƙuri irinta ba, mai haƙuri kuwa yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kalmar gada ba ta fito daga bakinsa ba ko da kuskure. Muka sha, aka yi tafi, aka miƙa mata allon yabo. Sai ƙwararriyar ta sanar cewa bisa ladabi, wadda aka karrama za ta mayar da gaisuwa. Aka sake zuba wa kowa.

Noelene ta tashi a hankali, ta jingina sandarta da tebur, ta kama kofinta a ƙafa daidai yadda aka koyar. Ta ce, "Ku ɗaga." Mutum wajen ɗari biyu muka ɗaga.

"Zan fara da ranar da ruwa ya tafi da gadata," in ji ta.

Ta kuwa fara. Ta faɗi ranar, ta faɗi wasiƙar farko da amsar da aka ba ta, ta wuce ta biyu. Duk a kanta suke, ba takarda. Wajen wasiƙa ta biyar hannaye suka fara rawa. Giya ta yi ɗumi kamar shayi, ƙuda biyu sun riga sun yi shahada a tawa. Mai Girma ya faki ido ya fara sauke nasa kofin sannu-sannu.

"Shafi na bakwai, ranka ya daɗe," in ji Noelene. "Ba ni na rubuta ba, ku kuka buga. Ɗaga."

Ya mayar da shi sama, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir. Ƙwararriyar ta matso tana raɗa, "Mama, gaisuwa ba ta wuce minti ɗaya."

"Ɗiyata, a wane shafi? Na karanta shi sau uku ban gani ba. Koma wurinki, kofinki ya karkace."

Wani daga baya ya yi ihu, "Ba shi wuta, Noelene!" Dariya ta ɓarke, amma ba wanda ya sauke hannu. Mu manoma mun saba ɗaga hannu a rana wuni guda, manyan cikin rumfa ne suka fara sauya hannu, suna tallafe gwiwar hannu da ɗayan, gumi yana jiƙa musu kwala. Mai ɗaukar hoton jarida kuwa sai aikinsa yake, ba wanda yake so a ɗauke shi a matsayin wanda ya fara karya dokar da suka kashe kuɗin jama'a suka buga.

Da ta gama wasiƙun ta juya ta fuskanci Mai Girma sosai. "Littafinku ya ce a kalli ido. Kalle ni. Tun kana da gajeren wando kake satar inabina ta kan gadar nan, ban taɓa kai ƙararka wurin uwarka ba. Allon yabo ba ya ɗaukar mota. Faɗi ranar da za a fara aiki, a gaban mutanen nan, in sallame ku ku sha."

"Mama, ai kwamiti yana..."

"Rana na ce."

Ya dubi na damansa, na daman ya dubi takalminsa. Tura ta kai bango. Ya ce, "Sha huɗu ga Janairu."

"Kun ji?" Muka amsa mun ji. Ta ce, "To, a sha lafiya."

Ban taɓa shan giya mai muni irin wannan ba, ban kuma taɓa jin daɗin wata kamarta ba. Ba zan ɓoye muku ba, sai da idona ya kawo ruwa. Na ce yau dai tsohuwa ta kayar da su da sandarsu.

Amma ni ɗan garin nan ne, na san alkawarin da aka yi da kofi a hannu. Yau da safe na sa Glenys ta tuƙa ni ofishin hukuma, in karɓo wa Noelene ranar nan a rubuce. Na tarar da ƙofa a kulle, an liƙa sanarwa da zanen ƙararrawa da furanni: an tafi hutun ƙarshen shekara, sai ashirin da bakwai ga Janairu, kuma ba za a sa hannu a kan kowane sabon aiki ba sai majalisa ta zauna a watan Maris. Kwanan watan da ke ƙasan takardar na makon jiya ne. Wato lokacin da bawan Allahn nan yake kallon ƙwayar idonta, ya riga ya san da sanarwar nan a aljihunsa. Mai sharar harabar ya ce tun asuba aka ga motar Mai Girma ta nufi bakin teku, tana jan kwalekwale.

Na ratsa rafi da ƙafa na je in faɗa mata. Na same ta tsakiyar gona tana janye ragar da muka rufa wa inabin makon jiya saboda tsuntsaye.

"Na sani, Clarrie," ta ce tun kafin in buɗe baki. "Na buga wa kamfani da safe, sun ce su takarda suka sani."

"To me ya sa kike cire ragar? Saura mako shida fa ya nuna."

Ta ci gaba da ja, ba ta dube ni ba. "Bana inabin ya yi kyau, babana ma bai taɓa ganin irinsa ba. Ba zan tsaya in ga ya ruɓe a jikin kuranga ba. Bari tsuntsaye su ci, su ba sa bukatar gada."

Na kama ɗaya bakin ragar muka ci gaba da naɗewa.

Af, kafin in manta. A gefen sanarwar hutun an liƙa wata, wai an buɗe karɓar sunaye na gasar Manomin Shekara ta baɗi. Kada kowa ya yi turereniya. Yadda muke raguwar nan, layi zai zo kan kowa.